Muryar Inna a Bakina

Landan, 9 ga Afrilu, 1956

Yaya Winnie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Aberdeen? Ni dai jikina kalau.

Akwai abin da na kasa gaya wa kowa sai ke. Kin san shekara uku na yi a makarantar wasan kwaikwayo ana kankare mini harshen garinmu Hull, har na iya magana irin ta manyan gari. To, a wasan da muke yi yanzu, ni ce 'yar talakan da ake koya wa maganar masu hali, don haka a farkon wasa dole in yi magana irin ta kan titi. Mista Ashcombe, mai shirya wasan, ya ce tawa ba ta da rai. "Ke ba ki taɓa jin talaka ya yi magana ba ne?" in ji shi. Na ce zan nemo.

Ban je ko'ina nema ba, Yaya. Muryar Inna na ɗauko. Yadda take ƙwala wa maƙwabciya kira daga tsallaken layi, yadda take haɗiye ƙarshen kalma, har goge hancin nan da bayan hannu in tana saƙar taru. Na ce masa wannan maganar arewacin Ingila ce, ba ta Landan ba. Ya ce a kunnen masu kujerun gaba duk maganar talaka ɗaya ce. Kullum in na buɗe baki sai zauren ya ɗauki dariya, ni kuma ina jin daɗi.

Ranar Asabar, a wasan rana, ashe Inna tana can sama a kujerun ƙarshe. Ta hau jirgin ƙasa tun asuba ba ta gaya wa kowa ba. Da aka tashi sai ga ta a ƙofar baya, da hularta ta zuwa coci, da kyafaffen kifi naɗe a jarida. Na ji ta tana ce wa mai gadi, "Kauce mini, bawan Allah, Freda nake nema." Mista Ashcombe na tsaye kusa da ni. Ya fashe da dariya ya ce, "Ashe ga inda kika samo muryar. Wace ce wannan?"

Na ce, "Wadda ta raine ni ce."

Inna ta dube ni, ta dube shi. Sai ta gyara tsayuwa, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta labarai a rediyo: "Haka ne, yallaɓai. Ni na raine ta." Ta miƙo mini kifin, ta ce jirginta na ƙarfe shida ne. Ban ko raka ta tasha ba.

Kada ki rubuto ki lallashe ni. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Freda

Landan, 24 ga Afrilu, 1956

Yaya Winnie,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Wasiƙarki ta iso, kuma babu kalmar da ban cancanta ba.

Na yi abin da kika ce. A gaban kowa na gaya wa Mista Ashcombe cewa matar nan mahaifiyata ce. Ya ce, "Madalla, sai ki ƙara sa mata kunne." Na roƙe shi in sauya muryar, ya ce akwai wata yarinya da ke jiran gurbina. Ban ajiye aikin ba, Yaya. Gara ki ji daga bakina.

Ranar Lahadi na je gida. Tun a bakin layi maƙwabciyarmu Misis Blanchard ta tare ni. "Me kika yi wa uwarki? Sati biyu ba mu ji muryarta ba. Jiya a shagon nama da yatsa ta nuna abin da take so."

Inna ta karɓe ni kamar baƙuwa. Ta fito da kofunan tangaran da ba a taɓawa sai Kirsimeti, tana tambayata a hankali ko zan ƙara shayi. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Na gwada yi mata magana da harshenmu na gida, sai ya fito irin na dandamali. Na ji, ita ma ta ji.

Can na tashi in taimaka, na kai hannu zan ciro farantin nama daga murhu ba tsumma. Sai ta daka mini tsawa: "Ke sakarya, hannunki! A Landan kika baro hankalinki ne?" Na tabbata har ƙarshen layi an ji. Daɗi ya kama ni, na juyo ina dariya, hawaye na zuba.

Da ta ga ina dariya, sai ta sa hannu ta rufe bakinta.

Na yi ta bayani cewa dariyar murna ce, ba ta ba'a ba, tana gyaɗa kai. Har na tafi ba ta sake ɗaga murya ba.

Don Allah in kin samu hali ki je mata da yaran, ko za ta yi musu faɗa. Gobe ƙarfe biyu da rabi ina da wasa.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Freda