Gyaran Murya a Sararin Sama

Unguwar Tunga, Minna,
5 ga Disamba, 2010.

Zuwa ga Yaya Rukayat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Abdullahi da yara a can Alƙahira. Allah ya ba Malam sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Nna ta yi sauƙi har ta koma islamiyya. Aziza tana haƙori, ta hana kowa sakat. Ruwan madatsar Tagwai ya dawo famfonmu, sai dai ja ne kamar shayi. Ɗan'uwanmu Umar Faruk ya gama bautar ƙasa, yana gida yana taya mu rage tuwo.

Na san Nna ta ce miki a waya an sami 'yar matsala a wurin aiki. Kin san mahaifiyarmu, ko gida ne ya ƙone ƙurmus cewa za ta yi an ɗan yi hayaƙi. Gaskiyar magana ita ce an dakatar da maigidana, Baban Aziza, daga tuƙin jirgi, kuma ba mu san ko zai sake hawa wannan kujerar ba. Ina rubuta miki ne hankalina kwance, kwanciyar da ni kaina ba ta yi mini daɗi ba. Har yau ban yi kuka ba.

A lokacin jigilar alhazai abin ya faru. Kin san kamfani ɗaya yake aiki da Babanmu, kuma kamfanin ba ya haɗa Baba da surukinsa a jirgi ɗaya, amma ranar zazzaɓi ya kwantar da Kambai, mataimakin Baba, ba kuma wani a kusa. Sai aka ce Baban Aziza ya maye gurbinsa. Suka tashi daga filin jirgin Maikunkele da maniyyata cike da jirgi, Baba a kujerar kyaftin yana tuƙi, shi kuma a damansa yana riƙe da rediyo. Mu har murna muka yi, Nna ta raba masa sadaka.

Bari in gaya miki yadda suke aiki, don ni ma sai yanzu na iya, bayan na ji bayanin har ya ishe ni. In masu ba da hanya suka ce jirgi ya tsaya a tsayi kaza, mai rediyo zai maimaita musu, a murɗa lambar a wani ɗan allo da ke gabansu, sannan ɗayan ya nuna lambar da yatsa ya faɗe ta da ƙarfi. In ba daidai ba ce, nan take zai ce ba daidai ba ce, ba sallama ba gaisuwa. Ranar an ce su tsaya a ƙafa dubu ashirin da bakwai, saboda akwai wani jirgi da zai gifta ta samansu. Baban Aziza ya ji daidai, ya maimaita daidai. Baba kuwa hannunsa ya saba da dubu ashirin da tara, don ita ake yawan ba shi a wannan hanyar, ita ya murɗa.

Yaya, ya gani. Ya ce mini lambar tana gabansa ƙuru-ƙuru. Amma kin san shi da Baba. Mutumin da tun yana maraya a Bida Baba ya ɗauko shi ya kai shi makarantar tuƙi, ya kuma ba shi 'ya. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in ya hango shi daga nesa takalmi yake fara cirewa. Yatsan ya ƙi ɗaguwa. Sai ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi a ƙofar falon Baba in yana so a san ya iso. Baba bai waiwayo ba. Ya sake yi. Sannan ya fara da Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ce yana ganin kamar da an ɗan sake dubawa. Jirgi kuwa ba ya jiran a gama ladabi. Kafin ya kai ƙarshen zancen sun wuce inda aka ce su tsaya, na'urar gargaɗi ta ɗauki ihu, Baba ya danna hancin jirgi ƙasa da ƙarfi. Ɗaya jirgin ya wuce, har sun ga fitilunsa. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Wata ma'aikaciya, Phoebe, ta karye a hannu, wata dattijuwa 'yar Kagara ta bugu a kai, amma ta yi aikin hajjinta ta dawo.

Da suka je gaban kwamitin bincike a Legas, mutumin naki, Baban Aziza, ya ce laifinsa ne shi kaɗai, wai bai ga lambar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai aka kunna musu na'urar da ke naɗar maganar matuƙa. Ɗaki cike da manya, ana sauraron mijina yana gyaran murya. Baba bai jira hukunci ba, a nan ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da wani abu yana yi. Amma saboda shi ya daɗe yana horar da matuƙan kamfanin, sai suka ce ya je ya yi tunani, ya gaya musu ko yana ganin yaron zai iya komawa kujerarsa. Na ce a raina shi ke nan, magana ta dawo gida.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baba ya zo gidanmu. Tun da aka kawo ni bai taɓa taka ƙofar nan ba, don haka da na ji muryarsa na ɗauka mutuwa aka yi. Ya ƙi zama a kujera. Ya ce wa Baban Aziza ya tashi daga durƙuson nan, ya tsaya su yi tsayi ɗaya. Ya ce laifin farko nasa ne, don shekara da shekaru yana jin daɗin wannan kunyar, bai taɓa tunanin za ta biyo su sama ba. Ya ce abu ɗaya yake so: ya dube shi cikin ido, ya kira shi Kyaftin Ndanusa kamar yadda kowa ke kiransa a wurin aiki, ya ce masa ya yi kuskure. In ya faɗa sau ɗaya tak, shi kuma zai shaida wa kwamiti a mayar da shi. Ina tsaye bakin labule da tiren ruwa a hannu. Na ga bakin mijina yana motsi, gumi na zuba, Baba yana jira, har yana ce masa ya daure. Can sai ya sulale ƙasa, ya ce Baba ya yafe masa.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce to, ba zai iya ɗora ran mutum ɗari uku a kan wannan ba, zai gaya musu abin da ya gani. Ya sha ruwan da na kawo, ya shafa kan Aziza. Na raka shi har mota. Maganar tana bakina, Yaya. Na so in ce masa bai kyauta ba, shi ya rene mu a haka, ba zai warware tarbiyyar shekara ashirin a tsaye ɗaya ba. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa a gaida Nna.

Jiya Baba ya tafi Legas. Baban Aziza yana zuwa masallaci yana dawowa, ni ina girki, ina wanke-wanke, muna ci. Ban ji haushin kowa ba, ban ji tausayin kowa ba. Ki sa mu a addu'a, ko Allah zai sa in ji wani abu.

Ki gaida Malam Abdullahi, da Alhassan da Mariyamu, ki ce Aziza tana gaida yayyenta. Talatu ta maƙwabta tana tambayarki kullum. In kin kira Baba, ki tambaye shi lafiyar jiki kawai. Na san ke ma iyakar abin da za ki iya ke nan.

Taki ƙanwa,
Zakiyya.