Bajo Na Biyu

Litinin, 3 ga Fabrairu
Tubalan dalma masu tare tiririn nukiliya sun iso, guda arba'in. Ni da Noeline, babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajinmu, muka jera su bayan gilashi. Ta manna tef mai ruwan ɗorawa a ƙasa. Daga nan zuwa ciki sai da safar hannu da bajon da ke auna tiririn nukiliyar da jiki ya sha. Wata takwas ina haɗa ɗakin nan. Na zaci zan ji wani abu.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Cikin da nake ɗauke da shi ya kai sati tara. Ko mijina Hamish bai sani ba.

Juma'a, 7 ga Fabrairu
Noeline ta karanta mana dokokin ɗaki, kamar ba ni na rubuta su ba. Mai ciki ta cika fom, a ba ta bajo na biyu ta ɗaura a ƙugu, a cire hannunta daga aiki da sinadarin aidin mai tiriri. "Ban da ni dai," in ji ta, "nawa cikin na kifi da dankali ne." Aka yi dariya, ni ma na taya.

Sau biyu na cika fom ɗin nan a tsohon wurin aikina. Sau biyu cikin ya zube, na koma ofis na ce a yaga shi. Mayar da bajon ya fi kwanciyar asibitin ciwo. Ba zan ƙara ba.

Talata, 11 ga Fabrairu
An gwada akwatin zuƙe iska, lafiya lau. Jibi aidin zai iso, kuma ni ce a jadawalin buɗe kwalba. Yana tashi a iska, abin da uwa ta shaƙa kuwa yana kaiwa ga ɗan da ke cikinta. Na sani, ni nake koyar da shi. Wataƙila kafin jibi maganar ta ƙare da kanta, kamar yadda ta saba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Na sa safar hannu biyu-biyu, na zo bakin tef. Ƙafa ta ƙi.
Noeline ta ce, "Tegan, dasa ki aka yi? Wuce mana."
Na ce, "Ke ki buɗe."
Ta dube ni, ta dubi hannuna. Ashe yana kan marata.
"Sati nawa?"
"Goma."
"Kuma kika ɗauki dalma da ni? Fice min daga ɗaki, ja'ira kawai."
A baranda na cika fom ɗin. Hannu ne kawai ya rubuta, ni ban ji komai ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu
Jiya na gaya wa Hamish. Ya zauna daɓas a ƙasan kicin, ya daɗe bai tashi ba.

Bajon na biyu ya zo. Duk ƙarshen wata ake mayar da shi a karɓi sabo, shi ya sa sakatare ya tambaye ni na wata nawa zai sa a kawo. Na yi niyyar cewa ɗaya, a gani tukuna.

Na ce bakwai.