Mijina Ya Kunna Kiɗan Makokina a Gaban Mutane

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana, waɗanda muke tare a nan za su gane ni ko babu suna, amma na gida ba na so su gane. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min wa'azi, don na san inda da yawanku za su dosa.

Ni matar aure ce, muna zaune a Wangsa Maju a Kuala Lumpur, maigidana yana PhD, ni kuma bizar rakiya gare ni, wato zamana a ƙasar nan a hannunsa yake. Muna da yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu. Bara na samu ciki, ya kai wata takwas, wata rana na ji shiru babu motsi, muka je asibiti aka yi sikan aka ce zuciya ta tsaya. Namiji ne. Na haife shi yadda kowa ke haihuwa, da naƙuda da komai, sai dai babu kuka. Mahaifiyata tana Kano, ta waya muka yi kukanmu.

Matan 'yan Najeriya sun zo, sun kawo abinci, Allah ya saka musu. Amma maganar kowa ɗaya ce, ki yi haƙuri, ke yarinya ce za ki samu wani, gara da bai zo kin saba da shi ba. Ba a jima ba maigida ya fara cewa gidan ya yi masa nauyi, ba ya iya rubutu, in saki fuskata, wai wanda bai yi numfashi ba ba a yi masa zaman makoki. Na saki fuska. Na ci gaba da girki da kai yarinya makaranta, nono yana zuba ina tare shi da tsumma.

Muna da maƙwabciya 'yar Malay, zan kira ta Kak Lin, ta girme ni sosai, mijinta ya rasu, da hijabinta da komai, tana tuƙa motar haya irin wadda ake kira ta waya. Ita ta kai ni komawa ganin likita don maigida yana da ganawa da sufabaizansa, malamin da ke duba bincikensa. A dawowa ruwa ya tsuge, muka maƙale a hanya, ta ce in ba damuwa za ta kunna abinta. Na ɗauka waƙar Malay ce mai taushi. Sai na ji wani sauti mai kauri ya taso ta ƙarƙashin kujera ya shiga ƙirjina, jita ce amma kamar injin niƙa da aka rage wa gudu, ganga ta faɗo sau ɗaya, ki jira, ki jira, sannan ta sake faɗowa. Can wani namiji ya ɗauka da doguwar murya, ba ihu yake ba, kuka yake a natse kamar wanda ya san babu mai zuwa. Ban san lokacin da na kifa kai a gwiwa ba. Kak Lin ba ta ce min ki yi haƙuri ba, ta ƙara sauti kawai. Da muka iso ta ce sunan irin kiɗan doom metal, tsohon faifai ne na wasu Turawa tun kafin a haife ni, marigayi mijinta ne mai son sa. Ta ce, da ɗan lah ɗin da Malay ke ƙarasa magana da shi, "Wannan ba ya ce wa mutum ya yi sauri, lah."

Ta sa min shi a waya. In na kai yarinya makaranta na dawo, sai in zauna a ƙasan kicin in sa abin kunne in ji shi daga farko har ƙarshe. Ban san yadda zan fahimtar da ku ba. Komai na garin nan sauri yake, jirgin ƙasa na LRT, mutane, har ta'aziyyar da ake yi min sauri take, kowa so yake in gama in tashi. Faifan nan kaɗai ne yake tafiya da irin nauyin ƙafata. Waƙa ɗaya sai ta yi ta ja kamar ba za ta ƙare ba, akwai inda komai yake tsayawa a bar tsirkiya ɗaya tana rawa har ta mutu don kanta, a wurin nan nake samun numfashi. Ba ya rarrashi, ba ya yi min alƙawarin wani ɗa. In ya ƙare sai in tashi in wanke shinkafa, kuma ranar nakan iya wasa da 'yata da gaske.

Na san abin da malamai suka ce a kan kiɗa. Ban bar sallah ba, ban bar karatun Alƙur'ani ba. Na duba ma'anar kalmomin, kaɗaici ne da mutuwa da tsoron ranar hisabi, ban ga inda aka ce a bauta wa wani ba. Sai dai hoton bangon faifan baƙi ne da kaburbura, kuma shi ne abin da maigida ya fara gani ranar da yarinya ta ɗauki wayata ta danna. Ya saurara kaɗan, ya tambayi sunan, ya yi dariya ya ajiye. Na ɗauka ya wuce.

Ƙarshen satin iyalan 'yan Najeriya suka haɗu a bakin tafkin Titiwangsa, kowa da tabarmarsa da kularsa. Bayan an ci abinci sai maigida ya jona wayarsa da lasifikar da yara ke rawa da ita, ya ce jama'a ku matso ku ji abin da Madam take sha in ba na nan. Ya kunna. Ya fara tafiya yana jan ƙafa, ya sanƙarar da hannuwa, ya zaro harshe. Maza suka fashe da dariya, wani ya ce kamar janareto zai mutu, yara suka bi bayansa suna kwaikwayo, har da 'yata. Sannan ya rage sauti, yana murmushi ya ce, "Yanzu kun gane abin da yaron ya ji a ciki ya ce shi ba zai fito ba."

Ya fi kowa sanin cewa sai bayan rasuwar na san kiɗan nan. Wani dattijo ya ce haba Dakta, shi ke nan, babu wanda ya ƙara. Ƙawata mai tsohon ciki, wadda nake raka ta awo, ta tashi a hankali ta ja tabarmarta gefe. Ni na tattara kulolinmu. A hanyar gida ya tsaya a kedai, wato shago, ya saya wa yarinya askirim, ya tambaye ni ko zan sha.

Daga ranar, gurup ɗinmu na matan 'yan Najeriya a waya ya cika da rubuce-rubucen yadda aljanu ke shiga mace ta kunne, ba a ambaci sunana ba. Babbar cikinmu, wadda muke ce wa Anti, ta kira ni ta ce in ƙawata ta haihu kada in zo suna sai an yi min ruƙiyya, wai ba don komai ba, don hankalin mai jego. Maigida kuma ya tura wa mahaifina hoton bangon faifan, Baba ya kira ya ce ban taɓa ba shi kunya irin wannan ba. 'Yata kuwa in ta gan ni na yi shiru sai ta sanƙarar da hannu ta zaro harshe, tana jira in yi dariya.

Da na yi wa maigida magana ya ce wasa ne, kuma ko ba wasa ba ne kunya magani ce, gata ya yi min. Ya ce shi ma ai ɗansa ne, amma bai je ya rungumi kiɗan arna ba. Ya hana ni shiga wurin Kak Lin, ya ce ko a lif muka haɗu gaisuwa ta isa.

Ga abin da ya kawo ni. Ranar da aka binne yaron ina kwance a asibiti, maigida da abokansa biyu suka tafi da shi. Har yau ban san wace maƙabarta ba ce. Duk sanda na tambaya sai ya ce a gida mata ba sa zuwa maƙabarta, alhali nan matan Malay suna zuwa, da ruwansu da furanninsu. Ɗaya daga abokan ya gama karatu ya koma, ɗayan ya ce in tambayi mijina. Yanzu ya kafa min sharaɗi zuwa Juma'a mai zuwa. In goge faifan a gabansa, in rubuta a gurup ɗin mata cewa shaiɗan ne ya ruɗe ni, in gode masa da ya tona ni a bainar jama'a don ya cece ni. In na yi, zai kai ni kabarin, sau ɗaya. In na ƙi, ba zai sabunta min biza ba, in koma Kano, yarinya kuma ta zauna tare da shi tunda tana makaranta.

Wallahi gogewar ba ta dame ni ba, faifan yana kaina, ina wanke-wanke ma ina jin sa. Godiyar ce ta tsaya min. Na fara rubutawa, in na zo kan kalmar na gode sai yatsana ya ƙi. Mahaifiyata ta ce in rubuta kawai, rubutu ne, aure ya fi. Amma matan nan za su karanta su ce ashe gaskiya ne, kuma maganar da ya faɗa a kan ɗana ta zauna ke nan, da sa hannuna a kai.

Don Allah me zan yi? In rubuta ƙarya in gode masa don in ga ƙasar da aka rufe ɗana da ita, in tsaya a bakin kabarin shi yana gefena yana duba agogo? Ko in ƙi, in hau jirgi in bar ɗaya a ƙasa ɗaya a hannunsa? Masu cewa kiɗa haramun ne na ji, na kuma yarda zan bari, ba shi nake tambaya ba. In akwai wadda aka taɓa binne mata ɗa ba ta san inda aka sa shi ba, ita nake roƙo ta fara amsa min.