Wa Zai Tsaya a Wurinki Ranar Lahadi

Assalamu alaikum, Mma. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Allah.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun bayan Sallah nake zuwa ɗakin matasa na Maamobi ina koyon rawar Tora. Suna da wani tabarau mai nauyi, in aka ɗaura miki sai ki gan ki a tsakiyar fili a Tamale, makaɗa a gefe, mata sun yi layi. Na so shi don na ɗauka ba mai kallona.

Amma abin ya ishe ni. Kin san Tora: mata biyu su fito, su juya, su haɗa ƙugu daidai da bugun ganga. To wadda ke cikin tabarau ba ta da ƙugu. In na kai mata nawa sai in wuce ta cikinta. Jiya fanka na buge har ta faɗi. Ina cire tabarau, ashe yara sun cika taga. Mai kula da na'urar ya ce kar in damu, na ci maki da yawa. Me zan yi da maki?

Ke ma ina jin haushinki. Duk biki in aka ja ni layi na ɓuya a bayanki, sai ki yi dariya ki ce, "Ku bar ta, akwai lokaci." Ina lokacin, Mma?

Ranar Lahadi bikin Rahina ne, 'yar ƙanwarki Anti Azara. Ke da Anti kuke fitowa tare tun kuna 'yan mata. Yanzu ta ce tunda ba kya nan, ba za ta yi rawa ba, ko a bikin 'yarta. Ta faɗa tana kallon tukunyar waakye, shinkafa da waken da take dafawa, ba ni ba.

Na iya takun, wannan kam tabarau ya koya mini. Abin da ban sani ba shi ne nauyin mutum. Kuma kin san jikin Anti, karo ɗaya za ta iya kai ni gwata.

Ban gaya mata ba. Amma in ganga ta tashi, Anti ta koma gefe ta zauna, zan je in kama hannunta. In na faɗi, na faɗi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Mma. Ni kuma Ya riƙe mini ƙafafu.

'Yarki,
Sakina