Baturiyar da Ta Yi Mini Hausa a Leningrad

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da iyalinka, da duk mutanen Argungu. Yaya aikin fadama? Allah ya sa shinkafa ta yi kyau.

Yaya, saura kaɗan in nemi a maido ni gida. Rashanci ya gagare ni, har na faɗi gwajin farko. Ranar Talata ina zaune a ɗakin karatun jami'ar nan da ta girmi kakan kakanmu, na dafe kai, sai na ji an ce, "Sannu da aiki, malam. Daga wane gari?"

Na ɗago, sai ga tsohuwar Baturiya. Na ce Argungu. Ta ce, "Ashe Bakabe ne! Ku ne masu cewa munka zo, munka tafi." Malama ce, tun ba a haife ni ba take koyar da Hausa, ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Ta nuna mini ɗaki cike da littattafan Hausa, har da na ajami.

Na faɗa mata damuwata. Ta yi dariya ta ce, "Ni sai da na shekara kafin bakina ya iya cewa ƙarfe. Riƙa zuwa duk Asabar, in gyara maka Rashanci, ka koya mini Kabanci."

Na fasa dawowa, Yaya. Inna ta sa ni a addu'a, jarrabawa na tafe. Ka gaishe da Gwaggo Hajo a Birnin Kebbi, ka shaida mata har Rashawa na neman irin Hausarta.

Ƙaninka,
Sani