Abin da Zuliha Ta Ji a Bayan Zana

Asabar, 6 ga Yuli, 2024
Yau a ajinmu na koyon aikin jinya Malam Yunusa ya yi mana bayanin masu jin muryoyi. Wai kowa yana magana da kansa a zuci, amma mai lafiya ya san maganarsa ce. Mai wannan ciwon kuwa ƙwaƙwalwarsa ba ta gane nata tunanin, sai ta ɗora wa wani a waje. Ina rubutawa ina tuna ƙanwata Zuliha. Ashe aljanun da Inna ta cika gida da hayaƙi a kansu Zuliha ce da kanta.

Talata, 9 ga Yuli
Na je gida, Farin Dutse. Maganin asibiti ya karɓi Zuliha, har girki take yi. Inna ta ce da kaka za ta koma ɗakin mijinta ita da 'yarta Nasiha. Nasiha shekararta huɗu, ga baki kamar rediyo. Shekarata goma sha ɗaya da aure ko ɓari ban taɓa yi ba, amma wadda ta yi wata uku tana hira da bango ita aka ba haihuwa. Astagfirullah. Na dai faɗa.

Juma'a, 12 ga Yuli
Na ja Inna bayan zana na ce a ba ni riƙon Nasiha, in sa ta makaranta a wurina a Birnin Kudu. "Ba ki ga uwar tana samun sauƙi ba?" in ji ta. Na ce mahaukaciya ba ta riƙon ɗa. Ashe Zuliha tana tankaɗe a ɗaya gefen.

Litinin, 15 ga Yuli
Ni na raka ta asibiti. Likita ya tambaye ta ko har yanzu tana jin muryoyi. Ta ce a'a, sai dai ta ji an ce za a ɗauke mata yarinya. Muryar wa? Ta dube ni. "Ta Yaya."
Ko gezau ban yi ba. Na zayyano masa darasin Malam Yunusa tas, na ce tsoronta ne take ji da muryata. Na ƙara da cewa ko sunan yarinyar ba ta kira. Likitan ba ɗan ƙasar nan ba ne, ina zai san kunyar ɗan fari? Ya rubuta ciwo ya dawo, ya ƙara magani, ya ce a samu mai kula da yarinyar tukuna. Har yaba min ilimi ya yi.

Laraba, 17 ga Yuli
Zuliha ta tambayi Inna ko an yi maganar nan ta bayan zana. Inna ta ce ba ta tuna ba, don kada zumunci ya ɓaci. Shi ke nan, ta rasa shaida.

Lahadi, 28 ga Yuli
Sabon maganin ya yi mata nauyi. Tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Na koya mata duk abin da ta ji ta tsaya ta tambayi wani, a waje ne ko a kanta. Wannan ma a littafi yake. Ta kama hannuna ta ce in yafe mata sharrin da ta yi min gaban likita. Na ce na yafe. Daɗi na ji, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Asabar, 3 ga Agusta
Na ɗinka wa Nasiha kayan makaranta. Inna ta amince, ba ta dai kallon idona.

Asabar, 10 ga Agusta
Yau ce ranar tafiya. Mai acaɓa yana ƙofar gida, na ɗaure kayan yarinyar. Da ta gane ba da uwarta za a tafi ba, sai ta ƙanƙame turmi tana ihu har maƙwabta suka leƙo. Taku biyar ne tsakaninta da Zuliha. Zuliha tana zaune a tabarma, ta ba ta baya, ta ƙi waiwayawa. Can ta ɗago a hankali.
"Yaya, kukan nan a waje ne?"
Da na ce a kanta ne, da ta yarda. Na sani sarai.
Na sallami mai acaɓa, na ce masa hadari ya haɗo, hanyar Birnin Kudu ba kyau. Ba wai na fasa ba ne.
Na ce wa Zuliha a waje ne. Sai da ta sake tambayata sau biyu kafin ta juya wajen 'yarta.