Randar da Aka Cika da Ruwa Tun Tana Ɗanya

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren Gwamnati ta Sana'ar Hannu da Wasan Kwaikwayo.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai da ɗalibai baki ɗaya, ina yi maka sannu da aiki. Allah ya ƙara taimako.

Sunana Malam Garba, tsohon malamin firamare, mazaunin Kausani. Ni ne mahaifin Rukayya, ɗalibarka 'yar ajin ƙarshe a sashen sana'ar hannu. Sau uku ina zuwa ofishinka. Zuwan farko aka ce kana taro, na biyu aka ce ka tafi Kano, na uku na zauna a kan benci har aka kira la'asar. Shi ya sa na rubuto a inda jama'a za su gani, ba don in tozarta ka ba, sai don lokaci ya ƙure mana.

Bari in fara da gaskiyata. Ban so Rukayya ta shiga makarantar nan ba. A majalisarmu makarantar 'yan rawa ake ce mata, ni ma kuwa na sha taya su dariya. Yarinyar ce ta nace, kakarta ta wajen uwa, wadda ta tsufa tana ginin tukwane a Indabo, ta goya mata baya. Ni kuwa ban iya musu da surukata ba. Shekara uku ke nan, ban taɓa yin da-na-sani ba sai makon jiya.

Na farko. Aikin da Rukayya za ta nuna a jarrabawar ƙarshe randa ce. 'Yan ajinsu sun zaɓi asusu da kaskon turare, ita ta ce sai randa. Da kanta ta je bakin kogi ta zaɓo yumɓu, ni na goyo shi a babur. Randa kuwa ba a gina ta rana ɗaya. Sai a yi gindi a bari ya sha iska, a ɗora ciki a bari, sannan a zo wuya da baki. Da ta gama, ta shafe ta da jar ƙasa, ta goge da dutse mai santsi har tana ƙyalli. Malamarta, Malama Rifkatu, ta sa aka ajiye ta a lungun sito don ta bushe a inuwa, ta kuma manna takarda a bango cewa kada a taɓa. Saura kwana huɗu a gasa ta.

Na biyu. Ranar Talatar makon jiya kun yi manyan baƙi. An tura Malama Rifkatu zauren taro ta shirya yara masu waƙar maraba. Mataimakinka ya shiga sito neman abin nunawa, ya ga randa ja jawur tana ƙyalli, ya ce a kai ta ƙofar zaure, a cika ta da ruwa, a ɗora faifai da moɗa, don baƙi su sha ruwan sanyi daga aikin ɗalibai. Niyyar ba ta da laifi. Amma matar da ke ɗebo muku ruwa ta gaya masa kamar ɗanya ce, ya ce ta yi abin da aka sa ta. Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa sayen tulu a kasuwar Juma'a ya san ana ƙwanƙwasa shi a ji ƙararsa. A makarantar da ake koyar da ginin tukwane, ba a samu mutum ɗaya da ya ƙwanƙwasa ba. Kafin baƙi su gama gaisawa gindin ya saki, randa ta zauna, ruwan laka ya bi ƙarƙashin kujeru. Rukayya tana cikin layin masu waƙa, a kan idonta aka yi.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Kuskure kowa yana yi, ni ma na yi nawa a shekarun da na riƙe alli. Amma mataimakinka bai ce a yi haƙuri ba. Sai ya juya ya gaya wa baƙi cewa aikin 'yan koyo ne, har yanzu hannunsu bai faɗa ba. Aka yi dariya. Washegari aka rubuta a gaban sunanta cewa ba ta kawo aiki ba. Malama Rifkatu ta je ta yi magana, ta nuna hotunan da ta ɗauka a wayarta tun daga gindi har baki, aka ce mata hoto ba randa ba ne. Baiwar Allahn nan har gida ta zo ta ba mu haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

Daga nan mataimakinka ya kira Rukayya ya ba ta shawara. Ya ce ta je kasuwa ta sayi randa, ta karce lambarta a gindi, mai duba jarrabawa ba zai gane ba.

Yau saura kwana tara mai dubawa ya zo. Sabuwar randa, daga kwaɓa yumɓu zuwa gashi, ba ta kasa mako uku, in kuwa aka matsa mata da rana tsagewa za ta yi. In babu makin wannan darasi, sakamakon Rukayya bai cika ba, kwalejin da take burin shiga ta karanci fasaha ba za ta dube ta ba. Ka fi ni sanin ba kwa barin ɗan ajin ƙarshe ya maimaita.

Yanzu zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Ranar Juma'a na je kasuwa. Na zagaya layin masu tukwane sau biyu kamar mai neman wani abu dabam, sannan na sayi randa, na lulluɓe ta da buhu na kawo gida. Ni da na yi shekaru ina dukan hannun yara a kan satar amsa. Rukayya ta zo ta tsuguna, ta shafa bakin randar, ta ce ginin wata tsohuwa ne, ƙawar kakarta, ta san hannunta. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, in aka ba ni maki a kan wannan, makin na wa ne?" Na ja buhun na sake lulluɓe randar. Tun ranar ba ta cin abincin kirki, ni kuma ba na iya haɗa ido da ita.

Saboda haka ga roƙona. A goge abin da aka rubuta a gaban sunanta, domin ƙarya ce, ta kawo aiki, a hannunku ya lalace. Ka rubuta wa masu jarrabawa da sa hannunka, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ka haɗa da hotunan Malama Rifkatu, ka nema mata ƙarin mako uku. In hakan ba zai yiwu ba, a ba ta yumɓu ta zauna a gaban mai dubawa ta gina, ya ga hannunta da idonsa. Ta ce ta yarda. Sannan a sa wa siton nan kwaɗo, makulli ya zauna a hannun malamar da ta san ɗanye da gasasshe. Ban nemi a kori kowa ba, kowa da iyalinsa. Amma wanda ya kunyata ta a gaban mutane, ya kamata ya kira ta ko a ofis ne ya ce ya yi kuskure.

Ranka ya daɗe, randar kasuwa tana nan a ɗakina a lulluɓe. Na san 'yata ba za ta ɗauke ta ba. Kaina ne ban amince wa ba. Ina tsoron ranar ta zo ba amsa daga gare ka, in tashi da safe in ɗaura ta a babur in kawo da kaina. Don Allah kada ka bari a kai ga haka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga zaluntar na ƙasa da kai ko da bisa rashin sani, ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da aikin nan lafiya.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba, mahaifin Rukayya,
Kausani, Wudil.